Tambaya da Amsa: Zan fita farautar elk karo na farko, ta ina zan fara kuma ya zan yi da naman?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni mazaunin Denba ne a jihar Kolorado ta Amurka, a nan nake aiki. Akwai wani abokin aikina mafarauci ne sosai, duk shekara sai ya hau dutse farautar elk, toh ya daɗe yana cewa in bi shi, kuma gaskiya raina yana so, matsalar dai ban taɓa harbin ko tsuntsu ba. Dan Allah ka taimaka min, ta ina ake farawa, wace irin bindiga ta dace da sabon shiga, ya batun halaccin abin da aka harba, sannan in Allah ya ba ni sa'a ya zan yi da nama mai yawa haka a tsakiyar daji ba mota ba firji? Na gode. Daga mai karatu a Denba.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, lafiya lau alhamdulillah. Tambayarka ta ƙarshe ita ce ta fi yi min daɗi, don yawancin sabbin shiga hankalinsu duk yana kan bindiga da ƙaho da hoton da za su ɗauka, ba sa tunanin abin da zai biyo bayan harbi sai dabba ta faɗi a gabansu rana tana dukanta, a nan ne ido yake raina fata. Ga masu karatu da ba su san dabbar ba, elk ƙatuwar dabbar dawa ce dangin barewa da ke zaune a duwatsu da dazuzzukan Arewacin Amurka, namijin yana da ƙaho mai rassa wanda yake zubarwa duk shekara ya fito da sabo, girmansa ya kusa na doki. Babban namiji yana kai kilo 300 har ya wuce, mace kuma tana haura kilo 200. In an feɗe an cire ƙashi za ka samu tsoka zalla wajen kilo 90 zuwa 100 ko fiye a jikin namiji, mace ƙasa da haka, kuma ka sa a ranka tun yanzu cewa a mafi yawan wuraren da ake samun su, a bayanka za ka ɗauko naman nan gaba ɗaya.

Ka fara da takardu kafin ka je ko kusa da shagon bindiga. A Kolorado duk wanda aka haifa daga ranar 1 ga Janairu 1949 zuwa yau sai ya yi kwas na ilimin farauta ya samu katin shaida kafin a sayar masa da lasisi, kwas ɗin ba wuya, ana yin wani sashe a intanet a ƙarasa sauran a aji, kuma katin yana aiki a sauran jihohi. Hukumar Colorado Parks and Wildlife ce ke da alhakin komai, duk shekara tana fitar da littafin dokokin manyan namun daji, ka nemi na shekarar da za ka fita ka karanta shi tas, kar ka dogara da abin da abokinka ya sani tun shekarun baya don dokokin suna canzawa. An raba jihar yanki-yanki kowanne da lambarsa, lasisinka kuma yana faɗin yankin da za ka yi farauta, da kwanakin, da makamin, da ko namiji ne ko mace, in ka saɓa ɗaya daga ciki ka shiga matsala da hukuma. Mafi yawan lasisi masu kyau ta ƙuri'a ake samu, ana rufe karɓar fom a farkon watan Afrilu, in ba ka ci ba ana ba ka maki da zai taimake ka baɗi, akwai ƙuri'a ta biyu da rani, sannan ragowar da ba a ɗauka ba ana fitar da su kasuwa a watan Agusta. In ka wuce wata 6 kana zaune a jihar za ka iya saye a matsayin ɗan jiha, kuma kaga bambancin ba kaɗan ba ne, ɗan jiha bai kai dala 100 ba amma baƙo sai ya biya dala 800 da wani abu.

Abu ɗaya da ban so ka yi wasa da shi shi ne matsayin zamanka a ƙasar. In kana da takardar zama ta dindindin ko ka zama ɗan ƙasa toh hanya a buɗe take, amma in bizar aiki ko ta karatu kake da ita, dokar tarayya ta hana ka riƙe bindiga sai da wasu keɓaɓɓun dalilai, ɗaya daga cikinsu shi ne mallakar lasisin farauta mai aiki. Ka ga lauya ya duba takardunka kafin ka taɓa ko bindigar aro.

Kar tsananin dokokin ya ba ka haushi, akwai dalili. A farkon shekarun 1900 an kusa ƙarar da elk saboda harbin kasuwa, abin da ya rage a duk Amurka bai kai dubu 100 ba, sai aka hana sayar da naman dawa aka ƙayyade lokaci, a 1937 kuma aka yi dokar Pittman-Robertson wadda ta sa harajin kashi 11 cikin 100 na bindigogin farauta da harsasai yake tafiya wajen kula da namun daji. Yau sun haura miliyan 1, kuma Kolorado ɗinku ce ta fi kowace jiha yawansu, kusan dubu 300.

Shawarata ta gaskiya, shekarar farko ka nemi lasisin mace, na bindiga, a watan Oktoba ko Nuwamba. Na san Satumba ita ce ke jan hankali, lokacin barbara ne, mazan suna ta wannan kururuwa tasu mai tsawo da ke cika kwari, amma yawanci lokacin masu kwari da baka ne, sai ka matsa kusa da dabba sosai, ga zafi da rana wanda ke lalata nama cikin 'yan awoyi, wannan ba aikin sabon shiga ba ne. Mata sun fi yawa a garke, namansu ya fi taushi, nauyin da za ka ɗauka ya fi sauƙi, kuma ba ka da ciwon kan ƙirga rassan ƙaho, don a yawancin yankunan jihar namiji ba ya halatta a doka sai yana da rassa 4 a ƙaho ɗaya ko reshen goshi mai tsawon inci 5, kuma ƙirga wannan a cikin duhun bishiyoyi zuciya na bugawa ba ƙaramin abu ba ne.

Bindiga ba sai na ja zance ba. Doka ta ce kar faɗin bakinta ya gaza inci .24, amma abin da mafarauta suka fi riƙewa su ne .270 Winchester, da .308 Winchester, da .30-06, kowacce ta isa elk. Kar wani ya zuga ka ka sayi .300 Magnum don wai ta fi ƙarfi, naushin da take yi a kafaɗa yana sa sabon shiga ya riƙa runtse ido yana fizgar kunama, kuma ƙaramar da ka iya ta fi babbar da kake tsoro. Ka sa mata madubi mai kyau, ka je filin gwaji ka yi ta harbi tun da rani, ba a kan tebur kaɗai ba, ka gwada a zaune, a durƙushe, ka ɗora ta a kan jakarka, don ba a fafe gora ranar tafiya. Nisan da kake iya zuba harsashi duk a cikin faɗin faranti ba kuskure, shi ne iyakarka a daji, ga yawancin masu farawa mita 200 ne ko ƙasa, in dabba ta wuce nan ka matsa ko ka haƙura. In da hali ka zaɓi harsashin jan ƙarfe zalla, na dalma yana farfashewa ya bar ɓurɓushi a cikin nama wanda ido ba ya gani, kuma dalma guba ce musamman ga yara da masu ciki. Dole ne kuma ka sa riga da hula masu launin ruwan lemo mai ƙyalli ko ruwan hoda mai ƙyalli, aƙalla inci 500 murabba'i a saman jiki, hular a gan ta ta kowane ɓangare.

Jikinka fa shi ma sai ka shirya shi. Denba tana kan tsayin mita 1,600, toh inda elk suke yawanci mita 2,500 ne zuwa 3,500, iska ta yi ƙaranci, hawan ɗan tudu kaɗan sai ka ji kamar ka yi gudu. Ka fara hawa da jaka mai nauyi watanni kafin lokaci, ka saba da takalminka, ka isa sansani da kwana biyu kafin buɗe farauta, ka sha ruwa sosai, in ciwon kai da amai da jiri suka matsa maka ka sauka ƙasa kar ka yi taurin kai. Ka bi abokin nan naka, da ɗan gari a kan ci gari, kuma ka bar wa iyalinka bayanin inda za ku da ranar dawowa don waya ba ta samun sabis a mafi yawan wuraren. Ka sauke taswira a waya tun daga gida, manhaja irin onX tana nuna iyakar filin gwamnati da na mutane, wannan yana da muhimmanci don a Kolorado ba dole ba ne mai fili ya kafa alama, kai ne za ka san inda kake tsaye. Dazuzzukan gwamnati irin White River a buɗe suke ga kowa.

A dajin kuma abin da zai fi ba ka wahala shi ne hancin dabbar nan. Za ta iya ganinka ta tsaya tana kallo, za ta iya jin ƙarar ƙafarka ta ɗauka 'yar'uwarta ce, amma in ta shaƙi warinka shikenan garken duk ya tashi sai wani kwarin. Da asuba iska mai sanyi gangarowa take yi daga saman dutse, in rana ta ɗaga ta ɗumama ƙasa sai ta juya tana hawa, da yamma ta sake gangarowa, don haka kullum ka tsara tafiyarka iska tana bugun fuskarka. Suna kiwo a fili da sassafe da gab da magariba, da rana su shige duhun itatuwa a gefen dutsen da ke fuskantar arewa su kwanta. Ka fi amfani da madubin hangen nesa fiye da ƙafa, ka zauna a tudu ka duba a hankali, ka nemi sabon kashi da sabon sawu. Kuma ka tabbatar da abin da kake nufa da abin da ke bayansa, akwai mus a jihar, wata dabba mai duhun jiki da dogon hanci, ana samun masu harbinta bisa kuskure kuma tararta mai nauyi ce. Lokacin harbi a doka daga rabin awa kafin fitowar rana ne zuwa rabin awa bayan faɗuwarta.

Ka jira ta ba ka gefe, ka nufi bayan kafaɗa daidai huhu, ɗan ƙasa da tsakiyar jiki. Ban yarda da harbin kai ko wuya ga mai farawa ba, wurin ƙarami ne kuma yana motsi, kuskure kaɗan sai ka fasa mata muƙamuƙi ta tafi ta mutu da yunwa, wannan zalunci ne. Elk tana da juriya, wani lokaci harsashi ya same ta amma ta tsaya kamar ba abin da ya faru, in tana tsaye ka ƙara mata. In ta shige daji ka lura da inda take tsaye da inda ta ɓace, ka jira kamar rabin awa kafin ka bi. Jini mai haske da kumfa na huhu ne ba za ta yi nisa ba, mai duhu sosai na hanta ne ka ƙara jira, in kuma ka ga kore-kore mai wari toh tumbi ka samu, ka ja da baya ka ba ta awoyi, in ka matsa mata za ta tashi ta yi nisan da ba za ka same ta ba.

Batun halacci, asalin hukuncin farauta yana cikin Suratul Ma'ida da hadisin Adiyyu ɗan Hatim, kuma malamai da yawa sun yi fatawar cewa abin da aka harba da bindiga halal ne tunda harsashi yana huda jiki ya zubar da jini. Ka yi niyya ka ambaci sunan Allah lokacin da za ka harba, in ka iske ta mutu da harbinka ta halatta, in ka iske ta da sauran rai kuma za ka iya yankawa toh ka yanka. Amma ka kula, ka zo mata ta baya ba ta wajen ƙafafu ba, in har tana da ƙarfin ɗaga kai ko shuri kar ka kusance ta da wuƙa, ka ƙara harbi da bisimilla. Ka zauna da malaminka kafin tafiya ya warware maka ƙananan mas'alolin.

Toh yanzu ga ainihin aikin. Da ka tabbatar ta mutu ka sa hannu a tag, wato ɗan guntun takardar shaida da ke jikin lasisinka, ka cire shi kamar yadda littafin doka ya ce, hoto ɗaya biyu ya isa, ka zaro wuƙa. Abokin gabanka daga wannan minti shi ne zafin jikin dabbar kanta. Fatar elk kauri gare ta da gashi mai riƙe ɗumi, jikin kuma babba ne, in ka bar ta da fata da kayan ciki har safe ko da a kan dusar ƙanƙara take kwance naman da ke kusa da ƙashin ƙugu da na wuya zai yi tsami ya koma kore-kore, kuma wanda ya yi haka ba wanki ba dahuwa da za ta gyara shi. Mutane da yawa suna harbi da magariba su ce sanyi ake yi bari mu dawo da safe, wallahi haka ake asarar cinya guda. Ko dare ya yi ka kunna fitilar goshi ka yi aikin. Burinka naman ya sauko zuwa digiri 4, wato 40 a ma'aunin da Amurkawa ke amfani da shi, da wuri iya yadda za ka iya.

Hanyar da na fi ba masu farawa shawara ita ce wadda ba a fasa ciki ko kaɗan. Dabbar tana kwance a gefe ɗaya, in a gangare take ka ɗaure ta da igiya a jikin bishiya kar ta mirgino maka. Ka sa safar hannu, ka tsaga fata ta bin gadon baya daga wuya har wutsiya, bakin wuƙa yana kallon sama kana yankowa daga ciki zuwa waje don kar gashi ya cika naman, sai ka feɗe gefen da ke sama gaba ɗaya ka shimfiɗa fatar ta zama maka wurin aiki. Kafaɗa ba ta da gaɓar ƙashi da ta haɗa ta da jiki, tsoka ce kawai, abokinka ya ɗaga ƙafar kana yanka ta ƙasa za ta fita cikin sauƙi. Cinya ita ce mai aiki, ka bi jikin ƙashin ƙugu a hankali har ka iske gaɓar nan mai kama da ƙwallo ka yanke jijiyarta, a nan ne za ka yi hattara kar tsinin wuƙa ya huda tumbi ko mafitsara, kuma ka shirya don cinya ɗaya da ƙashinta tana kai kilo 30. Daga nan ka zare dogon naman gadon baya daga ƙugu har wuya, ka kwashe naman wuya da na haƙarƙari da na ƙirji, sannan ka ɗan tsaga bayan haƙarƙarin ƙarshe ka danna tumbi ƙasa da hannu ka ciro lallausan naman nan da ke manne a ƙarƙashin ƙashin baya, shi ya fi kowanne taushi kuma shi aka fi mantawa. Ku juya ta ku maimaita a ɗaya gefen. In kana son zuciya da hanta sai a ƙarshe ka buɗe ka ɗauko. Kar ka manta doka ta ce a bar shaidar jinsi manne a jikin cinya ɗaya, ta mace hantsa ko al'aura, ta namiji maraina, har sai naman ya isa gida ko wajen mai gyara. Kuma barin nama a daji laifi ne babba a Kolorado, cinyoyi biyu da kafaɗu biyu da naman baya na waje da na ciki dole ka fito da su, ni kuma ina ganin wanda ya ɗauki ran dabba irin wannan bai kamata ya tsaya a iya abin da doka ta tilasta ba, wuya kaɗai nama ne mai yawa.

Kowane yanki da ka cire ka sa shi a buhun yadi na musamman da ake sayarwa don naman farauta, yana hana ƙuda da ƙura amma iska tana shiga. Leda kam a'a, nama mai ɗumi a cikin leda gumi yake yi ya ruɓe. Ka rataye buhunan a inuwa inda iska ke kaɗawa, kusa da rafi in akwai don wurin ya fi sanyi, in ba bishiya ka jera itatuwa ka ɗora a kai iska ta bi ta ƙasa, kar ka tara su wuri ɗaya. In yanayin da ɗumi ka tsaga cinya har ƙashi don zafin ya fita, ko ka cire ƙashin gaba ɗaya, amma in sanyi ya wadata barin ƙashin na kwana ɗaya ya fi, don naman da aka raba da ƙashi kafin ya gama sandarewa yakan yi tauri. In ya yi ɓawo busasshe a waje alama ce mai kyau. Ka matsar da naman kamar mita 100 daga gawar saboda beyar, a Kolorado baƙaƙe ne kawai, amma in wata rana ka je Montana ko Wayomin ko Aidaho akwai girizili, wani irin beyar wanda ya fi haɗari nesa ba kusa ba, can sai da feshin korar beyar a ƙugu, kuma duk lokacin da za ka dawo wajen nama ka yi motsi da murya ka duba daga nesa tukuna.

Ka yi lissafin ɗauko kaya kafin ka harba ba bayan ka harba ba. In kana kilomita 3 daga mota kuma kai kaɗai ne, sawu 4 aƙalla za ka yi, ka ga tafiyar ta haura kilomita 20 rabinta da kaya mai nauyi a baya a kan dutse, shi ya sa nake cewa shekarar farko kar ka yi nisa, in ka ga elk a ƙasan wani kwari mai zurfi da yamma ga zafi, barinta ya fi. A mota ka tanadi manyan kuloli biyu ko uku da robobin ruwa da ka daskarar tun daga gida, ka sa naman a sama kar ya jiƙa, kana zubar da ruwan da ya narke, nama a cikin ruwa fari yake yi ya ɓaci.

Akwai cutar da dole ka sani, ana ce mata CWD, tana kama ƙwaƙwalwar elk da danginta ta rame ta mutu, an fara gano ta a 1967 a Fot Kolins nan cikin Kolorado. Ba ƙwayar cuta ce irin wadda aka saba ba, wani gurɓataccen furotin ne, dahuwa ba ta kashe shi, kuma dabba tana iya ɗauke da ita ba alama. Ba a tabbatar ta kama ɗan'adam ba, amma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kar a ci naman da gwaji ya nuna yana da ita. Kar ka harbi wadda ka ga ta rame tana dalala tana tangaɗi, ka sanar da hukuma. Kar ka datse ƙashin baya ko ka fasa kai, ka guji ƙwaƙwalwa da laka da idanu da saifa da kaluluwa. Ka kai kan a yi gwaji, a wasu yankunan ma dole ne, ka rubuta alama a naman ka ajiye shi daban a firiza har sakamako ya fito.

In kana da firji da zai riƙe digiri 1 zuwa 3 ka bar naman ya kwana 7 zuwa 10 kafin ka yanyanka, yana ƙara taushi sosai, in ba ka da shi kar ka gwada a gareji, ka gyara shi cikin kwana biyu uku. In kuma wajen masu gyaran naman farauta za ka kai, ɗan'uwa ka buɗe baki ka yi magana, don elk ba ta da kitse sosai, kuma al'adarsu ce su haɗa niƙaƙƙen nama da tsiran da suke yi da kitsen alade. Ka ce kar a sa, ka tambaya ko suna haɗa naman mutane daban-daban wajen niƙa, ka tambaya yadda suke wanke injin, in amsar ba ta kwanta maka ba ka sayi ƙaramin injin niƙa ka yi abinka a gida da kitsen sa na halal.

TAMBAYA: Salam Malam. Maigidana ya kawo naman elk ya cika mana firiza amma in na dafa sai ya yi tauri ga wani ƙarni, yara sun ƙi ci. Me nake yi ba daidai ba? Daga wata uwargida a Montana.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ƙarnin yawanci daga kitse ne da farin tantanin nan mai sheƙi da gudajin jini na wajen harbi, ki sa wuƙa mai kaifi ki cire su tas kafin ki ɗora, tsokar ja zalla ba ta da wani wari. In kuma kin cire duk da haka kina jin tsami ko ɗoyi, ko kin ga launin kore kusa da ƙashi, toh tun a daji bai huce da wuri ba, wannan yankin ki zubar kar ki ba yara. Taurin kuma don ba kowane yanki ake dafawa iri ɗaya ba. Naman gadon baya da na saman cinya wuta mai ƙarfi suke so na 'yan mintoci, da ɗan mai don ba su da nasu, ki sauke ki bar shi ya huta kafin ki yanka, kuma ki yanka a gicciye ba bin tsawon tsoka ba, in ya daɗe a wuta bushewa yake yi. Wuya da kafaɗa da ƙwauri kuwa akasin haka ne, ƙaramar wuta da ruwa a rufe awa 3 ko 4 har jijiyoyin su narke, a nan ne za ki ga yara suna neman ƙari. Niƙaƙƙe ki haɗa shi da kitsen sa kamar kashi 10 zuwa 20 cikin 100, ki dafa har cikinsa ya kai digiri 71, kuma mai juna biyu kowane yanki ta ci wanda ya dahu sosai. In za ki busar da shi ki fara ɗumama shi ya kai wannan digirin, busarwa kaɗai ba ta kashe ƙwayoyin cuta, a 1995 an samu mutane a jihar Oregon da suka kamu da ƙwayar cutar E. coli daga busasshen naman dawa na gida. Wajen ajiya ki raba shi daidai girki ɗaya ɗaya, ki zuƙe iskar ledar ko ki naɗe shi sosai ninki biyu, ki rubuta kwanan wata, a firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili zai kai wata 8 zuwa shekara da daɗinsa, kuma ki narkar da shi a cikin firji ba a kan teburin kicin ba.

TAMBAYA: Malam naman ya yi mana yawa, zan iya sayar da rabi in mayar da kuɗin lasisi, ko in kai wa ƙanina a wata jiha? Daga mai karatu a Kolorado.

AMSA: Sayarwa kam a'a ɗan'uwa, naman dabbar da aka farauto haramun ne a doka a sayar da shi, wanda kake gani a kanti ko gidan abinci na gona ne da ake kiwo. Kyauta ta halatta, amma ka rubuta takardar kyauta mai ɗauke da sunanka da lambar lasisinka da irin dabbar da yawan naman da ranar da aka harbe ta, ta zauna tare da naman. In za ka tsallaka da shi wata jiha ka duba dokar jihar ƙanin naka da ta duk jihohin da za ka ratsa, da yawa sun hana shigo da kai da ƙashin baya saboda CWD, don haka ka cire ƙashi ka naɗe tsoka zalla, kuma ka jira sakamakon gwaji ya fito kafin ka raba wa kowa.